Ƙofa Goma, Mabuɗi Ɗaya

'Yan'uwana ɗalibai, kowannenmu yana da adireshin imel. Da shi muke karɓar sakamakon jarrabawa da saƙon banki, da shi kuma za mu nemi aiki in mun gama kos. Amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa bincikawa ko adireshin nan ya faɗa hannun ɓarayi?

Ga yadda abin yake faruwa. Duk sa'ad da ka yi rajista a wani shafin intanet, kamfanin yakan ajiye adireshinka da kalmar sirrinka a rumbunsa. In ɓarayi suka fasa rumbun, sai su kwashe na kowa gaba ɗaya. A 2013 an fasa na Yahoo, amma sai a 2017 kamfanin ya bayyana cewa abin ya shafi dukan asusun da yake da su, wajen biliyan 3. An fasa na LinkedIn a 2012, bayan shekara 4 sai ga adireshi fiye da miliyan 100 ana tallarsu a intanet.

Watakila ka ce, "To, ina ruwana da tsohon shafin da na daina shiga?" Ruwanka ne fa. Ɓarawo ya san yawancinmu kalma ɗaya muke sa wa ko'ina. Saboda haka yakan ɗauki wadda ya samu, ya bi ƙofa ƙofa yana gwadawa. In ta buɗe imel ɗinka, shi ke nan, gama ta nan ne ake sake kalmar sirrin sauran asusunka duka.

Hanyar bincike ba wuya. Akwai wani shafi da ake kira Have I Been Pwned, watau kamar a ce, "Ko an ci ni da yaƙi?" Wani mutumin Ostareliya, Troy Hunt, shi ya kafa shi a 2013. Rubuta adireshinka kaɗai, ba a biyan ko kwabo. Zai nuna maka inda aka yi fashin, da lokacin, da irin abin da aka kwashe. Ni da na gwada, na tarar da nawa a wuri biyu, kalmar kuwa ita ce nake amfani da ita tun ina sakandare. Ran nan ban yi barci ba sai da na sake ta.

In ka ga naka, ga abin yi:

1. Fara da sake kalmar sirrin imel ɗin, sa'an nan ta shafin da aka fasa, da ta duk inda ka maimaita ta.

2. Kowane asusu a ba shi tasa kalmar, doguwa, wadda ba sunanka ko ranar haihuwarka a ciki.

3. Kunna tabbaci mai mataki biyu, watau bayan kalmar sirri sai an shigar da wata lamba daga wayarka.

4. Duba ko an canja lambar wayar da ake maido da asusu da ita, ko an sa wasiƙunka su riƙa wucewa wani adireshi.

5. Yi hankali da wasiƙar da ta ce ka latsa nan da gaggawa. Banki ba ya tambayar lambar sirrinka ta imel.

In ba ka ga naka ba, kada ka saki jiki, gama shafin ya san fashin da ya fito fili ne kawai. Ka yi rajista don ya sanar da kai in wani ya ɓullo.

Gobe mu ne za mu riƙe sunayen yara da makinsu da lambobin iyayensu. Malamin da bai tsare ƙofarsa ba, yaya za a ba shi amanar ta makaranta? Kowa ya bincika nasa kafin hutun nan.