Darasin rani: yadda za ka sa wa ɗakinka sabuwar taga

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, wanda ya sayar da wake ko gyaɗa yana da ɗan kuɗi a hannu. Yanzu ne lokacin gyaran gida. Darasinmu na yau a kan taga yake.

A ƙasar Gidan Sori, da ma Gidan Rumji, Agye da Gazawa, ɗakuna da yawa ba su da taga. Sai wata ƴar kafa can sama kusa da rufi, ita ma ana toshe ta da tsumma in ɗari ya shigo. Waɗansu suna da tagar katako, amma gara ta cinye ta. Ɗakin da iska ba ta ratsa shi, ɗakin ciwo ne. Tarin fuka yana saurin kama mutanen da ke kwana tare cikin rufaffen ɗaki. Garwashin da ake shiga da shi don jin ɗumi, a rufe ko'ina, yana iya kashe mutum cikin barci. Taga marar raga kuwa ƙofar sauro ce, kuma ka san yadda zazzaɓin cizon sauro ke kayar da yara daga tsakiyar damana har kaka.

To, amma ka lura da wannan tun da fari: taga rauni ce a jikin bango. A damanar 2024 gidajen laka masu yawa sun rushe a jihar Maradi saboda yawan ruwa. Bangon da aka fasa ba bisa ƙa'ida ba, shi ruwa ke fara samu. Saboda haka kada ka sayo taga tukuna. Fara da duba bango.

Wane bango za a fasa?

A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi. Je ka dubi bangon gabas na ɗakinka, za ka ga ya fi sauran zaizayewa. Kada ka sa taga nan. Bangon yamma kuma rana ke dukansa daga azahar har la'asar sakaliya. Kudu da arewa su ne wurin taga. Iskar damana mai sanyi daga kudu maso yamma take zuwa, don haka babbar taga ta dubi kudu. Ta arewa ta zama ƙarama, a sama, mai rufuwa ruf, domin ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take fitowa. In akwai taga biyu suna duban juna, iska za ta shiga nan ta fita can.

Ka bar aƙalla mita 1 tsakanin taga da kusurwar ɗaki, haka ma tsakaninta da ƙofa. Kada ka fasa ƙarƙashin babban itacen da ya ɗauki rufi, ko ƙarƙashin indararo. Wani abu kuma da magini ba zai gaya maka ba: tsaya daidai inda tagar za ta zauna, ka duba waje. In idonka na faɗawa cikin gidan maƙwabci, ɗaga ta sama. Rigimar taga ta sha kai mutane gaban mai gari.

Ƙarfe ko katako?

Katako ya fi araha, ba ya ɗaukar zafi, amma gara ba ta barinsa sai an shafe shi da baƙin mai an kuma riƙa dubawa. Tagar gilashi ta birni ce: ba ta shigo da iska in an rufe, kuma dutsen yaro ɗaya ya ishe ta. A ganinmu, wadda ta dace da ɗakin ƙauye ita ce ta ƙarfe mai layi-layi a karkace, irin wadda masu walda ke yi a Maradi da Tibiri. Ko a rufe take iska na shiga, ruwa kuwa na zamewa waje. Ka ɗaga ta ka ji nauyinta, mai shafal falle ce, shekara kaɗan tsatsa za ta huda ta. Ka ce a shafa mata jan fentin hana tsatsa, a sa mata sandunan rodi saboda ɓarawo, a kuma liƙa mata kunnuwa biyu-biyu a kowane gefe waɗanda za su shiga bango.

Kada ka bar raga don ragin kuɗi. A ƙasar Gambiya an yi gwaji, aka buga sakamakonsa a 2009: gidajen da aka sa wa raga, sauron da ke shiga cikinsu ya ragu kamar da rabi, kuma ƙarancin jini ya ragu ga yaransu. Ragar waya ta fi ta roba jure rana. Amma raga ba ta maye gurbin gidan sauro, ku ci gaba da kwana cikinsa.

Itacen kan taga

Nan ne aikin yake. Taga ba ta ɗaukar nauyin bango. Itacen da aka gitta a kanta shi ke ɗauka. In babu shi, ko ya gajarta, bango zai danne tagar, ta ƙi buɗuwa, sannan tsaga ta fito daga kusurwarta ta nufi rufi.

Ɗauko alƙalami, tun da ka yi yaƙi da jahilci. Itacen zai wuce faɗin taga da santimita 30 a dama, 30 a hagu. In faɗin taga 60 ne, sai ka ce 60 da 30 da 30, ya zama 120. Tsawon itacenka ke nan, mita 1 da santimita 20. Za ka jera su har su cika kaurin bango. Azarar giginya ta fi kowane, don gara ba ta sonta, amma ta yi wuya yanzu. Busasshen reshen bedi mai kauri yana yi. Ɗanyen itace ba ya yi, zai motse ya bar giɓi. Wanda ya yi sassaben zamani a gonarsa, irin wanda aka fara yaɗawa a jihar Maradi tun 1983, bai rasa reshen da zai sara ba tare da kayar da itace ba. Gawo dai kada ka taɓa shi sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Akwai kuma magina da suka koyi gini marar itace, suna lanƙwasa bulo a kan taga kamar baka. In akwai ɗaya kusa da ku, neme shi.

Ga yadda ake yi a tsohon bango. Zana girman taga da gawayi. Kada ka fasa ramin tukuna. Fara sassaƙa gurbin itace a sama, daga cikin ɗaki, zuwa rabin kaurin bango. Sa itace, cusa laka mai ƙarfi, bar ta ta bushe kwana biyu ko uku. Sannan ka yi haka daga waje. Sai itatuwan sun zauna daram za ka fasa ƙarƙashinsu, a hankali, da ƙaramin gatari, ba da bugun tabarya ba.

Zaunar da tagar, ka tokare ta da ƴan itatuwa. Rataya dutse a igiya ka ga ko ta miƙe. Auna daga kusurwa zuwa kusurwa, a gicciye, sau biyu: in awon ya zo ɗaya, ba ta karkace ba. Buɗe ta, rufe ta, kafin ka cike. Siminti a ramin kunnuwa kaɗai za ka sa shi, domin ba ya kama laka. In ka yaɓe kewayen da shi, zai ɗago, ruwa ya bi bayansa. Sauran ka cike da laka mai ramno wadda ta kwana.

Gindin taga ya gangara waje, ya ɗan zarce bango kamar yatsa uku, don ruwa ya ɗiga ƙasa, kada ya bi jikin gini. Ka gama aikin nan kafin bazara. In ruwan fari ya sauka, fita ka zagaya bayan ɗaki, ka taɓa ƙarƙashin tagar da hannunka. Inda ka ji laima, toshe wurin tun ruwa na biyu bai zo ba.