Dalilan Kwashe Yara Daga Birane Lokacin Yaƙi

Idan yaƙi ya ɓarke, babu wanda ya fi yaro shiga haɗari, domin ba ya iya kare kansa, bai kuwa san inda zai nufa ba in gari ya rikice. Saboda haka ne hukumomi kan kwashe yara daga manyan birane su kai su karkara, har ƙura ta lafa.

Abin da ya faru a Ingila

Ran 1 ga Satumba, 1939, kwana biyu kafin Ingila ta shiga yaƙi da Jamus, gwamnatin ƙasar ta fara kwashe jama'a daga Landan da sauran manyan birane. Cikin 'yan kwanaki aka fitar da mutum wajen miliyan ɗaya da rabi, yawancinsu yara ne da malamansu da uwaye masu ƙananan 'ya'ya. Kowane yaro an maƙala masa takarda mai sunansa. Da aka ga watanni sun wuce shiru, iyaye da yawa suka maido da 'ya'yansu. A Satumba 1940 jiragen Jamus suka soma yi wa Landan ruwan bama-bamai, aka sake sabuwar kwasa.

Dalilai huɗu

Na ɗaya, birni shi ne abin hari. A nan tashoshi da kasuwanni da barikokin soja suke, bam ɗaya kuwa a cikin cunkoso yakan yi ɓarnar da ba zai yi a ƙauye ba.

Na biyu, abinci. Birni daga ƙauye yake ci. In aka datse hanya yunwa kan shigo, yara kuma take fara kayarwa. A Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, yunwa ta sa aka ɗauki dubban yara a jirgin sama daga yankin Biyafara zuwa Gabon da Kwaddibuwa.

Na uku, lafiya. Inda ruwan sha ya gurɓace, asibiti ya cika da masu rauni, nan da nan annoba take yaɗuwa.

Na huɗu, ilimi. Makarantar da ke bakin daga dole a rufe ta, shekarar da ta wuce yaro kuwa da wuya a rama ta.

Darasi daga ƙasar Katagum

Azare, wadda ta zama mazaunin Sarkin Katagum tun 1916, tana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Potiskum zuwa Maiduguri. A watannin Oktoba da Nuwamba na 2014, lokacin rikicin Boko Haram, bam ya tashi sau uku a garin: a tashar mota, a bakin banki, da kasuwar wayoyin hannu. Dukansu wuraren taruwar jama'a ne. Ran 10 ga Nuwamba kuma aka kashe ɗalibai fiye da 40 a wata makarantar sakandare a Potiskum.

Amma kada a ɗauka ƙauye mafaka ne kullum. A Jihar Borno ƙauyuka aka fi aukawa, har mutanen karkara suka yi ta kwararowa Maiduguri. Shi ya sa a shirin kare makarantu da aka kafa a 2014, ɗaliban Borno da Yobe da Adamawa aka mai da su kwalejojin Gwamnatin Tarayya na wasu jihohi. Watau abin dubawa shi ne inda haɗari yake, a nisanta yaro da shi.

Abin kiyayewa

Raba yaro da iyayensa ba ƙaramin abu ba ne. Daga cikin yaran Ingila akwai waɗanda suka sami riƙo na gari, akwai kuma waɗanda suka sha wuya a hannun baƙi. Saboda haka lalle ne a kiyaye waɗannan:

1. Kada a ɗauki yaro sai da yardar iyayensa.
2. A rubuta sunansa da na mahaifinsa da garinsu, a ajiye wurin hukuma da mai unguwa.
3. A fifita gidan dangi, kada kuma a raba wa da ƙane.
4. A sa shi makaranta da isarsa, kada a mai da shi ɗan talla ko bara.
5. A mai da shi gida da zarar hukuma ta tabbatar hankali ya kwanta.

Yaron da aka kawo amana ce a wuyan mai riƙo da dagaci da hakimi. Ɗa na kowa ne, rigakafi kuwa ya fi magani.