Kusurwar Kimiyya: Me Ya Sa Direban Ƙofa Ya Fi Ƙarfi Wajen Kashewa?

A cikin inbatar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida akwai transistoci da ake kira MOSFET, masu kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Kowanne yana da ƙofa mai riƙe caji kamar ƙaramar kapasita. Idan aka cika ta ya kunnu, idan aka zuƙe ta ya mutu. Ɗan guntun da ke wannan aiki shi ne direban ƙofa.

Idan muka duba takardar bayanin direba IR2104, za mu ga yana tura mili-amfiya 130, amma yana zuƙe 270. Shi kuwa UCC27511 yana tura amfiya 4, ya zuƙe 8. Ina dalili?

Na farko daga silikon yake. Yawanci transista nau'in P ne ke turawa, nau'in N ke zuƙewa. A nau'in N ilektoron ne ke ɗaukar wuta, kuma sun ninka guraben da ke ɗaukarta a nau'in P sauri kusan sau uku. Don haka ko girmansu ɗaya, na N ya fi jan wuta.

Na biyu kuwa tsaro ne. A inbata ana jera transistoci biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna karɓa-karɓa. Idan na ƙasa bai gama mutuwa ba na sama ya kunnu, wutar batir za ta zarce ta cikinsu babu abin tarewa, nan take su ƙone. Ko bayan ya mutu ma, kunnuwar ɗan'uwansa kan cusa masa caji a ƙofa ta wata 'yar kapasita da ke cikin jikinsa. Sai direba mai ƙarfin zuƙa ne zai kwashe cajin kafin ya tashe shi.

Ita kunnawa ba a son ta da garaje, domin tana haddasa tsallen wuta da ƙarar da ke damun rediyo.

Tambayar mako: a ce ƙofa tana ɗaukar cajin nano-kulom 100. Mu raba caji da ƙarfin wuta mu sami lokaci. IR2104 zai cika ta cikin kusan nano-daƙiƙa 770. Nawa zai ɗauka ya zuƙe ta? A miƙa amsa ga kulob ɗin 'yan jarida kafin Juma'a.