Itacen Gwaggo Ya Zubar da Ganye

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san durumi da ceɗiya. A ƙarƙashinsu dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan La'asar, a nan ma mai shayi ke kafa teburinsa. Su biyun dangi ne, haka gamji da ɓaure. Alamar gidansu ɗaya ce: in ka tsinke ganye, wani farin ruwa kamar madara zai fito.

Suna da wani ɗan'uwa baƙo da yanzu ya shigo gidajenmu a cikin tukunya. Masu sayar da furanni suna ce masa fikus. Ganyensa ƙanana ne masu sheƙi da tsini, rassansa kuma suna sunkuyowa ƙasa. Asalinsa ƙasashen Asiya ne, wajen Indiya da Malesiya, inda iska ke da laima kusan duk shekara. A riƙe wannan, domin daga nan rabin wahalarsa a garinmu ta samo asali.

Gwaggona da ke zaune kusa da Ƙofar Doka ta samu guda ɗaya. Ɗanta ne ya kawo mata tsaraba a ƙarshen damina, ta ajiye shi a baranda yana ta kyau. Da hunturu ya kama a watan Disamba, sai ta ji tausayinsa. Ta shigar da shi falo, ta ajiye a lungu, ta rufe taga, ta saki labule saboda ƙura. Ba a yi sati biyu ba ta aiko a kira ni.

Na iske ta da tsintsiya a hannu, ga ganye rawaya cike da faifai.

"Ɗan nan, zo ka gani. Kullum ina ba shi ruwa, ko fashi ba na yi, amma kullum sai na share masa."

"Gwaggo, sau nawa a rana?"

"Da asuba in juye masa sauran ruwan buta, da magariba ma haka."

Na tsuguna na cusa yatsa a cikin ƙasar tukunyar. Caɓal take, har da ɗan wari irin na kwata. Na ɗaga tukunyar, ta roba ce, babu huda ko ɗaya a gindinta. Na ce, "Gwaggo, ba ƙishirwa ke damunsa ba. Ruwa ne ya yi masa yawa."

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe irin wannan itace, kuma masu ƙaunarsa ne suka fi yin sa. Saiwa tana shan ruwa, amma tana buƙatar iska kamar yadda muke buƙata. Idan ƙasa ta zauna jiƙe kwana da kwanaki, iska ba ta shiga, sai saiwa ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa zuwa sama. Ganye ya yi yaushi, mai shi ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Don haka kafin a ɗauki moɗa, a fara cusa yatsa gaɓa biyu. In an ji danshi, a bari sai gobe ko jibi. In an ji a bushe, a zuba sosai har ya tsiyayo ta ƙasa, sannan a zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashin tukunyar. Ganyen ma yana faɗin abin da ke damunsa: na yawan ruwa yakan yi rawaya da laushi, na ƙishirwa yakan bushe ya yi ƙaras-ƙaras.

Abu na biyu shi ne sauyin wuri. Fikus ba ya son a riƙa yawo da shi. In ya saba da hasken baranda aka kai shi lungu mai duhu, zai zubar da ganyen da ba zai iya ciyarwa ba, domin da haske itace ke haɗa abincinsa. Wurin da ya dace shi ne kusa da taga mai samun ranar safe, ba inda ranar azahar za ta gasa shi ba, kuma ba gaban fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ba. In an samo wurin, a bar shi a nan.

Sai hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da ke tsaga mana leɓe da diddige ita ce ke tsotse ganyensa, ƙura kuma ta lulluɓe shi. Maganin mai sauƙi ne. Sau ɗaya a sati a jiƙa tsumma mai tsabta a goge ganyen, ko a fitar da shi tsakar gida a yayyafa masa ruwa a maido shi wurinsa. Yayin goge-gogen a leƙa bayan ganye. In an ga wani farin abu kamar auduga, ko saƙa siririya kamar ta gizo-gizo, ko ganyen yana danƙo, to ƙwari ne. A narka ɗan sabulun salo kaɗan a ruwa a wanke su, a ɗauraye, a maimaita bayan sati. In abin ya ƙi, a tsinki ganye a nuna wa malaman gona. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona nan a Samaru, ba nisa.

Gwaggo ta dubi rassan da suka yi tsirara, ta ce, "To ai ya mutu, a jefar kawai."

Na kankare ɓawon wani reshe da farce. Ƙarƙashinsa kore shar, ga farin ruwan nan ya ɗigo. "Da ransa, Gwaggo." Reshen da ya mutu yakan yi ruwan ƙasa a ciki, ya karye ƙas. Irin waɗannan kaɗai muka yanke. A kula da farin ruwan, yana sa ƙaiƙayi. Kada ya shiga ido, a kuma wanke hannu bayan an gama.

Muka zare itacen daga tukunyar a hankali. Saiwa mai lafiya fara ce mai ƙwari. Wadda ta yi baƙi ta yi luguf muka datse da wuƙa mai tsabta. Muka samo tukunyar ƙasa, wadda a ganina ta fi ta roba nesa ba kusa ba, domin tana numfashi. Muka huda gindinta, muka ɗora tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta zube. Kada a zaɓi tukunya mai girma ƙwarai, ƙasar da ta yi yawa takan daɗe ba ta bushe ba. Muka haɗa ƙasar lambu kashi biyu, rairayi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji ko takin zamani ba nasa ba ne a wannan hali, zai ƙone 'yar saiwar da ta rage. Ruwan wanki mai kumfa ma kada ya kusance shi.

Na gaya wa Gwaggo zai ci gaba da zubar da wasu ganyen na ɗan lokaci, kada hankalinta ya tashi, kada kuma ta koma ga buta. Ta ce wannan ne mai wuyar.

Bayan sati shida jikarta ta zo da gudu, wai Gwaggo tana kira. A bakin rassan ga toho ƙanana, kore mai haske, kamar kunnen ɓera. Reshe ɗaya ya yi tsawo fiye da sauran, muka yi shawara mu bar shi sai damina ta kankama a watan Yuni. A lokacin za mu yanke shi mu kafa a wata tukunyar, kamar yadda ake kafa sandar durumi a ƙofar gida, mu kuma kewaye shi saboda awaki.