Ruwan da ya gudu bai haifi ciyawa ba

Makiyayi, manomi mai bisashe, kai da ke kiwo tsakanin Tsarnawa, Malbaza da Illela, ka sha ganin wannan abu. An yi ruwa da dare, da safe ƙorama ta cika tana ruri, amma in ka tona fako da sanda, ƙasa busasshiya ce ƙarƙashin yatsa biyu. To, ina ruwan ya tafi? Ya gangara Majiya.

Bari mu yi lissafi. Milimita 1 na ruwan sama bisa hekta 1, lita 10,000 ke nan, wato tano 50 mai lita 200. Ruwa guda na milimita 20, tano 1,000 ne bisa hekta ɗaya tak. Allah ya ba ka shi har wurin kiwonka. Saura ko ƙasa ta sha, ko ta zubar.

Inda akwai ciyawa, ko da busasshiya ce, da ganyen sabara da geza da suka zube, ɗigon ruwa bisa su yake faɗuwa, ƙarfinsa ya karye. Kututturen ciyawa yana tare shi, ya rage gudu. Gara kuma, wadda muke zagi cikin rumbu, a daji ma'aikaciya ce: tana bin haki da kashin shanu, tana huda ƙasa, ruwa ya bi ramunanta ya shiga. Inda ƙasa take tsirara fa, ɗigon yana dukan ta kai tsaye, laka ta toshe ƙofofinta, rana ta gasa, ta yi ɓawo kamar daɓen ɗaki. Ruwa na gaba sai ya zame kawai, ya kwashe irin ciyawa da taki ya tafi da su.

Shi ya sa bayan farin 1973 da na 1984 masu awon ruwa suka ga abin mamaki a wurare da yawa na Sahel: ruwan sama ya ragu, amma wanda ke gudu cikin ƙoramu ya ƙaru. Itace da ciyawa ne suka mutu.

Kada ka ce ai ruwan yana zuwa tabki, bisashe za su sha. Ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yana jan rairayi, ya cike tabkin, ya binne fadama, ya zuba laka cikin madatsun Mozage da Zango da ke shayar da gandun noman rani na Ƙonni. Tabkin da ya cike ba ya kai rani.

Fako yana warkewa. A 1989 manoman Illela sun je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga ramunan da ake zuba wa taki, suka dawo suka gyara tassa. Da ita da rabin wata an maido da fako mai yawa wajen Badagishiri. Amma aiki ne mai cin ƙarfi, hana ƙasa tsiraicewa ya fi shi arha.

Saboda haka, in kana tara ciyawar rani, kada ka share wuri da mayayi ƙat, ka bar abin da zai rufe ƙasa, musamman bisa gangare. Mun san buhun ciyawa kuɗi ne a watan Mayu, ba mu musa ba. Kada garke ya daɗe wuri guda har ƙura ta tashi. In ka sassabe reshe don awaki, ka ja ragowar ka shimfiɗa bisa fako. Wurin da aka yi rabin wata aka watsa iri, a tsare shi daga bisashe damana biyu, bisa yardar hakimi da rugga.