RAWAR IDO DA MOTSIN TSOKA: YAUSHE ZA A KWANTAR DA HANKALI, YAUSHE ZA A TAFI ASIBITI

Da wuya a sami baligi wanda bai taɓa jin fatar idonsa tana rawa ba, ko kuwa wata tsoka a sha-raɓarsa ko damtsensa tana ɗan motsi ita kaɗai, kamar wani ƙwaro yana tafiya a ƙarƙashin fata. Tun zamanin kakanni mutane suna yi wa wannan abu fassara. Waɗansu su ce baƙo ne ke tafe, waɗansu su ce za a ga abin kuka, waɗansu kuma su ce sammu ne ko shafar iska. Yanzu kuwa da wayar hannu ta shiga kowane gida, an sami wata sabuwar fassara wadda ta fi na dā tayar da hankali. Mutum ya rubuta abin da yake ji a intanet, sai a jero masa sunayen cututtuka masu kisa, ya kwana bai runtsa ba. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a abin da ke haddasa motsin, da alamun da ke nuna akwai haɗari, da yadda za a yi da fargabar da kan biyo baya.

YADDA TSOKA KE MOTSI

Tsoka ba ta motsi sai da umarni. Umarnin yana tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, watau farar igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, sa'an nan ya bi ta siraran jijiyoyin saƙo har ya isa tsoka. Kowace jijiya ɗaya tana riƙe da ɗan rukunin zaren tsoka, kamar yadda wayar lantarki ɗaya kan riƙe fitilun ɗaki guda. Wani lokaci jijiya ɗaya takan aika da saƙo ba tare da an umarce ta ba. Sai rukunin da take riƙe da shi ya ɗan zabura, a gan shi ta saman fata, amma gaɓar ba ta ɗaga ba, ƙarfinta kuma bai ragu ba. Wannan shi ne motsin da ake magana. Ya fi aukuwa a fatar ido, da sha-raɓa, da cinya, da gindin babban yatsa, kuma an fi jin sa sa'ad da mutum ya zauna ko ya kwanta.

Abu ne da ya zama gama-gari. A shekarar 1963 likitoci biyu a Amurka, Reed da Kurland, sun tambayi ma'aikatan lafiya fiye da 500 waɗanda ke cikin ƙoshin lafiya, suka tarar kimanin kashi 70 cikin 100 sun taɓa jin irin wannan motsi.

ABUBUWAN DA KE HADDASA SHI

Na farko, sinadarin kafeyin. Yana cikin goro, da shayi, da kofi, da lemunan gwangwani masu ƙara kuzari. Aikinsa shi ne ya zaburar da jijiyoyi, shi ya sa direba ke cin goro don kada ya yi gyangyaɗi. Idan ya yi yawa, jijiyoyin sukan zabura fiye da kima.

Na biyu, rashin barci da gajiya. Ɗalibi mai karatun dare, da mai gadi, da ma'aikacin jinya mai aikin kwana, da wanda ya daɗe yana ƙura wa waya ido, duk sukan ji fatar idonsu tana rawa. Haka nan wanda ya yi doguwar tafiya a ƙasa ko ya wuni yana noma yakan ji sha-raɓarsa tana motsi da dare.

Na uku, zufa da ƙarancin gishirin jiki. A Gombe zafin watannin Maris da Afrilu yakan kai kusan digiri 40. Jijiya da tsoka suna bukatar ruwa da waɗansu sinadarai, watau fotashiyam da kalsiyam da maganiziyam. Yawan zufa, ko gudawa, ko amai, sukan rage su. A shekarun 2023, 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo ne cikin wannan zafi, ga ƙishi da rana, ga shayi da ƙarancin barci da dare, saboda haka ba abin mamaki ba ne mai azumi ya ji motsin.

Na huɗu, waɗansu magunguna, musamman maganin asma na shaƙa irin su Ventolin. Kada mai asma ya daina maganinsa saboda wannan. Ya dai shaida wa likitansa. Haka kuma idan ƙullin nan na maƙogwaro da ke kumbura ya zama maƙoƙo yana aiki fiye da kima, mutum yakan rame, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, hannunsa ya riƙa karkarwa. Gwajin jini yana gano wannan, kuma yana da magani.

Na biyar kuwa shi ne tsoro kansa.

YADDA TSORO KE CIYAR DA KANSA

A ɗauki misalin wani tela a unguwar Jekadafari, ana saura mako biyu Salla. Ɗinki ya yi masa yawa, yana kwana a kan keke, goro a baki, mai shayi yana kawo masa kofi bayan kofi. Wata rana ya ga gindin babban yatsansa yana motsi. Ya duba a waya, ya ci karo da labarin wata cuta da ke shanye jiki. Daga ranar ya shiga gwada kansa: ya matse hannu, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya duba harshensa a madubi. Barcin da dā bai ishe shi ba ya ƙaurace masa gaba ɗaya. Kafin mako ya zagayo motsin ya bazu zuwa cinya da kafaɗa, shi kuwa ya ɗauka cutar ce ke ci gaba. Ya fara mayar wa mutane da yadinsu, ya daina cin abinci sosai, yana tunanin wa zai riƙe masa 'ya'ya.

Abin da ya faru a jikinsa sananne ne. Sa'ad da mutum ya tsorata, jiki yakan saki sinadarin adirinalin don ya shirya shi gudu ko faɗa. Sinadarin yana ƙara zaburar da jijiyoyi, sai motsi ya ƙaru. Mai fargaba kuma yakan riƙa numfashi da sauri ba tare da ya sani ba, wannan kan sa yatsu da leɓɓa su yi jimirmiri. Bugu da ƙari, wanda ya sa wa jikinsa ido yakan ji ƙananan abubuwan da dā can suna nan amma bai kula da su ba. Yawan gwada tsoka ma yana gajiyar da ita, gajiya kuwa tana kawo motsi. Ta haka tsoro ke haifar da alamar da ake tsoro.

Wannan ba rashin ilimi ba ne, ba kuma raunin imani ba. A shekarar 2013 likitocin jijiya biyu a birnin Sidni na Ostareliya, Simon da Kiernan, sun ba da rahoto a kan likitoci 20 da suka je musu da ƙorafin motsin tsoka. A wajen mafi yawansu ba a sami komai ba sai motsin da fargabar.

CUTAR DA AKE TSORO

Cutar da intanet ta fi ambata ita ce wadda ake kira ALS, watau lalacewar jijiyoyin da ke ba tsoka umarni. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya bayyana ta a birnin Faris wajen shekarar 1869. Ita ce ta kama masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, a 1963, ya rayu da ita har 2018. Cuta ce mai tsanani, amma ba ta da yawa: a ƙasashen Turai tana kama kimanin mutum 2 cikin kowane 100,000 a shekara, kuma ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50.

Babbar alamarta ita ce raunin gaɓa wanda ke ƙaruwa a kai a kai, tare da ramewar tsoka. Mai ita yakan kasa ɓalle maɓallin riga, ko murɗa mabuɗi, ko ƙafarsa ta riƙa jan ƙasa, ko maganarsa ta sarƙe. Motsi shi kaɗai, ga ƙarfi yana nan daram, ba shi ne alamarta ba. A 1993 likitocin asibitin Mayo na Amurka sun ba da sakamakon bin diddigin mutum 121 masu motsin tsoka waɗanda aka duba ba a sami wani lahani a jijiyoyinsu ba. An bi su tsawon shekara 2 zuwa 32. Ko ɗaya daga cikinsu bai kamu da cutar ba.

ALAMUN DA BA A JINKIRI A KANSU

Lalle ne a garzaya asibiti nan take idan motsin tsoka ya zo tare da ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Dalalar miyau, da zufa mai yawa, da amai ko gudawa, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da wahalar numfashi, bayan an yi feshi a gona ko an taɓa maganin ƙwari irin su Sniper ko ota-fiya-fiya. Wannan guba ce, tana kisa cikin sa'o'i. A cire wa mutum tufafinsa, a wanke masa jiki da ruwa da sabulu, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, a tafi da kwalbar maganin. Saboda haɗarinsa ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna a 2019. Manoman wake da masu ajiye shi a rumbu su kula ƙwarai.

2. Sarƙewar haƙora da sandarewar wuya ko baya, kwanaki bayan an taka ƙusa ko an ji rauni. Wannan alamar tsinkau-tsinkau ce.

3. Karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa farat ɗaya, ko sarƙewar magana. Wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce.

4. Jijjiga ko fita daga hayyaci, musamman ga yaro ko mace mai ciki mai ciwon kai da kumburin fuska.

Akwai kuma alamun da ke bukatar ganin likita cikin 'yan kwanaki: raunin da ke ƙaruwa, ramewar tsokar hannu ko ƙafa ɗaya, ƙwarewa wajen haɗiya, rawar ido da ta wuce makonni ko ta bazu zuwa kunci har ido yana rufewa.

ABIN DA ZA A TARAR A ASIBITI

Mazaunin Gombe zai iya fara zuwa cibiyar lafiya ta unguwarsa ko Asibitin Ƙwararru na Jiha. Idan akwai bukata za a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda aka kafa a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gombe, a matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya, aka ɗaga darajarsa a 2014. Likita zai yi tambayoyi, ya gwada ƙarfin gaɓoɓi, ya ƙwanƙwasa gwiwa da 'yar guduma ta roba, mai yiwuwa ya sa a yi gwajin jini. Sau da yawa wannan ya wadatar. Idan ya ga dalili, akwai gwaji da na'urar auna lantarkin tsoka, wanda ake yi a waɗansu manyan asibitoci. Ya kamata majinyaci ya faɗi abin da yake tsoro ƙarara. Tela na misalin nan, da zai ce, "Likita, ina tsoron cutar shanyewar jiki ce," da likita ya nuna masa a take cewa hannun da ke ɗinka babbar riga har yau ba raunanan hannu ba ne.

YADDA ZA A YI DA FARGABA

Idan likita ya duba ya ce babu lahani, ga abin da ya kamata:

A rage goro da shayi da kofi sannu a hankali cikin mako biyu, domin barinsu farat ɗaya yana kawo ciwon kai. A nemi barcin awa 7 zuwa 8. A yawaita shan ruwa lokacin bazara, a ci wake, da gyaɗa, da riɗi, da zogale, da alayyafo, da ayaba, da nono.

A daina binciken alamun a intanet, a daina gwada ƙarfi da duba madubi. Kowane gwaji yana kwantar da hankali na ɗan lokaci, sa'an nan shakka ta dawo da ƙarfinta. Haka nan yawo daga wannan asibiti zuwa wancan, ko daga kemis zuwa mai magani, ba ya ƙarar da komai sai kuɗin cefane.

Sa'ad da motsin ya zo, a bar shi, a ci gaba da aiki. A ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja. Motsin yana iya ɗaukar watanni yana zuwa yana tafiya, daɗewarsa kuwa ba alamar haɗari ba ce.

Iyali su guji yi wa mai fargaba dariya ko ce masa raki ne. Su saurare shi, su raka shi asibiti sau ɗaya, amma kada su zama masu duba masa jiki kullum.

Idan fargabar ta wuce watanni tana hana barci ko aiki, ita kanta ta zama ciwo, kuma tana da magani, ko ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan Adam wanda ke koya wa mutum yadda zai sarrafa tunaninsa, ko ta ƙwayoyin da likita zai rubuta. Akwai sashen wannan aiki a asibitocin koyarwa, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri, da Kaduna, da Kware ta Jihar Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa mai neman irin wannan taimako haƙƙinsa da mutuncinsa. Matambayi dai ba ya ɓata.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Waɗanne abubuwa biyar ne ke haddasa motsin tsoka marar lahani?
2. Wace alama ce ke bambanta shi da cutar jijiya mai tsanani?
3. Me za a yi wa manomin da ya dawo daga feshi yana dalalar miyau, tsokarsa tana motsi?
4. Don me yawan gwada ƙarfin hannu ke ƙara fargaba maimakon ya rage ta?