Darasi: Yadda Ake Yanka Wa Tsohuwar Mota Kuɗi In Ba Ta Yi Tafiya Da Yawa Ba

Darasinmu na wannan fitowa a kan motar gida ne wadda ta tsufa amma ba ta sha hanya ba. Irin wannan mota akwai ta a Yelwa, da Wara, da Shanga. Sau da yawa ta wani tsohon ma'aikaci ce da ya yi ritaya ya ajiye ta ƙarƙashin rumfa, ko kuwa ta gado ce, mai ita ya rasu ya bar mata da marayu. To, a nan dillali yake ɗaukar nauyi. In ya karya kuɗin ya ci haƙƙin marayu. In ya tsauwala, motar ta shekara a ƙofar gida tana lalacewa.

Na farko: mota shekaru biyu gare ta

Akwai shekarun hanya, watau abin da agogon tafiya ya nuna. Akwai kuma shekarun zama. Mai mota na farkon kaɗai yake gani, sai ka ji ya ce, "Ai sabuwa ce, ko Kwantagora ba ta cika zuwa ba." Gaskiya ne ƙarancin tafiya yana tsare inji da giya. Amma roba ba ruwanta da agogo. Taya, da tiyon lagireto, da robobin birki, duk bushewa suke yi ko motar na tsaye. Batir ya mutu, fetur ya kwana a tanki ya yi danƙo.

Ku duba gefen taya, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2316, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2016. Ko zanenta bai goge ba, ta tsufa, a sa ta cikin lissafin gyara. Haka kuma Golf 3 da Peugeot 406 da bel ɗin taimin suke aiki, in ya tsinke kan hanya yana iya ɓata inji. A ƙirga kuɗin sabo.

Na biyu: a tabbatar da agogon

Gani ya kori ji. Tsofaffin motoci masu gurbin lamba biyar, in sun kai 99,999 sai su koma sifiri. Saboda haka 40,000 tana iya zama 140,000. Ana kuma mayar da agogo baya da gangan. Shaidunmu su ne robar birki da kuloci, da sitiyari, da kujerar direba. Motar da ba ta yi tafiya ba, ba za a ga robar birkinta ta siɗe ba.

Sa'an nan a lura, motar da ta fito Amurka da mil take ƙirga. Mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi kaɗan, watau 1.6. Mil 60,000 ya haura kilomita 96,000.

Mu na bakin tafkin Kainji muna da ƙarin abin dubawa. A ɗaga tabarmar ƙasa da shimfiɗar but, a leƙa ƙarƙashi. Motar da ta yi dakon ɗanyen kifi daga bakin ruwa, ko ta yi ta kutsa taɓo da damina, tsatsa ta ci gindinta ko da tafiyarta kaɗan ce. Tafiya a hanyar ƙauye da lodin albasa ta fi tafiya a kan kwalta gajiyar da mota.

Na uku: wa zai saye ta?

Kuɗin mota yana bin mai nema. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ta daɗe ana yin ta a can bayan an bar yin ta a Faransa a 1983. Shi ya sa a da ko wane bakanike ya san ta, kayanta kuma ko ina akwai. Yanzu direban haya mai bin hanyar Koko da Jega abu biyu yake tambaya: nawa take sha, kuma ana samun kayan gyaranta? Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wannan tambaya ta farko ta ƙara nauyi. Mota mai babban inji, ko ta yi kyau kamar amarya, masu tayi kaɗan ne. Ƙaramar Toyota kuwa ba ta kwana.

Na huɗu: lissafin

A nemi motoci uku irinta, shekara ɗaya ko kusa, waɗanda aka sayar kwanan nan. Abin da aka biya muke so, ba abin da aka yanka ba. Ga misali, amma lambobin na allo ne, ba farashin ranar kasuwa ba.

A ce an sayar da ukun a kan naira 3,800,000, da 4,000,000, da 4,500,000. Mu ɗauki ta tsakiya, 4,000,000. In agogon ya tabbata, jiki kuma ba tsatsa, mu ƙara ushiri, watau 400,000, ya zama 4,400,000. Bakanike ya duba ya ce taya huɗu da batir da bel da juyen mai za su ci 500,000. A cire, saura 3,900,000. To, wannan shi ne kuɗinta na gaskiya.

Daga nan sai a fid da lambobi biyu. Na baki, wanda za a faɗa wa mai saye, a ce 4,200,000, don a bar wa tayi wuri. Na ciki, wanda in ba a kai shi ba sai a ce albarka, a ce 3,700,000. Dillali da mai mota su shirya a kan wannan tun kafin kowa ya zo, su kuma yanke la'ada da wanda zai biya ta. Yawancin rigimar da muke gani a bakin tasha daga nan take tashi.

Kada a sa ƙauna cikin lissafi. "Da ita Baba ya kai mu makaranta" magana ce mai daɗi, amma mai saye ba zai biya ta ba.

Na biyar: takardu

Mota ba takarda rabin mota ce. A haɗa takardar mallaka, da lasin, da inshora, da takardar kwastan in daga waje ta shigo. A gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce, harafi da harafi. In ta gado ce, kada a sallama sai duk magada sun yarda, a gaban shaidu. A rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu, a yi canjin suna da wuri, domin in motar ta yi ɓarna mai sunan da ke takarda za a nema.

Aibin da aka sani kuwa a faɗe shi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba ya dawowa da ƙara. Wanda aka ɓoye wa shi ke dawowa, kuma Yawuri ba ta da girman da dillali zai ɓuya.

Na ƙarshe: lokaci

In ba matsuwa, a jira kaka, sa'ad da manoman shinkafa suka sayar, ko bayan an kwashe albasa, kuɗi na hannun mutane. Kafin nan a riƙa tayar da motar ko wane mako, a ɗan zagaya da ita har inji ya yi zafi. In an yi wata guda ba wanda ya taya kusa da na ciki, kada a zargi kasuwa, a koma a sake lissafi.

Allah ya ba mu sa'ar ciniki, ya tsare mu da cin haƙƙin wani. Sai fitowa ta gaba.